Wane Jirgi Za Mu Hau a Istanbul?



Yanzu da wuya mu karanta labarin soyayya ba mu ga an kai ango da amarya Turkiyya ba. Da yamma sai mu ɗora su a "jirgin ruwa na alfarma", mu ce gari ya yi kyau, shi ke nan. Mai karatu ya gama shafin bai san ko Istanbul aka kai shi ko Dubai ba. A ganinmu, daga zaɓen jirgin matsalar ta faro.

Mashigin Bosforus, mai tsawon kusan kilomita 30, shi ya raba birnin tsakanin Turai da Asiya. Mai son yawon yamma a kansa zai tarar da jirage iri-iri. Akwai na liyafar dare: tsada, abinci, kiɗa, rawa, galibi har da giya. Yana tashi bayan duhu ya shiga, hankalin kowa na kan faranti. Akwai kuma jirgin fito da mutanen gari ke hawa daga Eminonu zuwa Uskudar, kuɗi kaɗan, tafiyar ba ta kai rabin awa ba.

Mu dai na fito muke ba da shawara, gab da magariba. A nan za mu ga ma'aikata na komawa gida, mai shayi na zagayawa da ƙananan kofunan gilashi, yara na jefa wa tsuntsaye burodi. A baya ga hasumiyoyin masallacin Sulaimaniyya da aka kammala a 1557, sannan kiran salla na tasowa daga gaɓa biyu. Mai awa biyu kuwa ya hau jirgin zagaye tun da sauran rana, ya ga ganuwar Rumeli da Sultan Muhammad na Biyu ya gina a 1452, shekara guda kafin ya ci birnin.

Ba mu ce jirgin liyafa ba shi da amfani a labari ba. Idan tauraronmu mai son nuna arziki ne, can ya dace da shi. Amma mu zaɓa muna sane, don zaɓin ya fito da halinsa.

Yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba, gaskiya ne. To, ga 'yan kasuwarmu masu zuwa saro kaya, ga taswira a waya. Mu tambaya kafin mu rubuta.