SANIN ƘASA: A Duba Kufai Kafin Katafila Ta Shiga

Manoman Matamaye da Kance sun saba ganin tsingaro a gona. Mai ginar rijiyar lambu a fadamar Korama yakan ci karo da tsohuwar tukunya, ko kashin maƙera, ko ƙasusuwan mutum. Sai ya ture su gefe, ya ci gaba da aikinsa. Wani ma fasa tukunyar yake yi, wai ko akwai zinariya a ciki. Sai ya tarar da ƙasa da toka.

Hauya ɓarnarta kaɗan ce. Babbar ɓarna ita ce ta katafila. In za a yi hanya, ko madatsar ruwa, ko a yanka filaye, katafila takan share kufai guda cikin yini ɗaya. Shi ya sa ake so masu binciken kufai su riga ta shiga fili.

An taɓa yin haka a Nijar. Da kamfanoni suka fara neman uraniyom a yankin Ingal da Tegidda, cikin jihar Agadas, sai masana na Nijar da na Faransa suka yi sauri suka shiga dajin. Daga 1977 zuwa 1981 suna yawo, suna tono, suna rubuta abin da suka gani. Sun sami kaburbura na duwatsu. Sun sami wuraren da mutanen da suka narka jan ƙarfe, shekara fiye da 2000 da suka wuce. Sun kuma binciki kufan Azelik. Masana da yawa suna ganin shi ne birnin Takadda, wanda matafiyi Ibn Batuta ya ziyarta a 1353. Daga baya an buɗe mahaƙar uraniyom a wannan yanki, amma labarin ya riga ya shiga takarda.

Me ya sa ba a so a ɗauke abu daga inda yake? Domin masu bincike suna auna zurfin ramin, suna duba abin da ke kwance kusa da shi. Gawayin da ke gefen tukunya shi ake kaiwa a gwada, a san shekarunta. In an tsame ta an zubar da gawayin, ta zama tukunya kawai, kamar baƙon da ba a san garinsu ba.

Makiyaya ma da hannunsu a wannan aiki. A 1987, a Dufuna ta jihar Yobe a Najeriya, wani Bafillace yana ginar rijiya don shanunsa, sai ya taɓa wani itace mai tauri. Bai sare shi ba, ya kai labari. A 1994 masana suka fito da shi. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya fi mita 8, shekarunsa wajen 8000. Ba a taɓa samun wanda ya girme shi a Afirka ba.

Damagaram ma ba a bar ta baya ba. Akwai Kufan Kanawa mai ganuwar duwatsu, inda tsofaffi ke cewa Kanawa sun zauna kafin su tafi Kano. An yi tono a wurin, har littafi ya fito a 2003.

Dokar da gwamnati ta kafa a 1997 ta kare irin waɗannan kayan tarihi. Wanda ya tono wani abu, ko ya ga masu aikin hanya sun tono, sai a dakata da gina wurin. Kada a wanke shi, kada a sayar wa dillali. A sa ƙaya a kewaye ramin saboda dabbobi da yara. Sannan a shaida wa mai gari, shi kuma ya kai magana gaban sarki da hukuma, don a sanar da masu bincike na jami'ar Yamai.