Filin Sana'a: Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Duk wanda ya bi ta unguwar Maitama a Abuja da sanyin safiya zai ga kafintoci suna sauka daga motocin haya, kowa da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, yaronsa na biye da shi. Galibinsu ba a nan suke kwana ba. Daga Mpape suke gangarowa, ko daga Nyanya da Kubwa, su yini suna gyaran ƙofofi da kabad da kujeru a gidajen manya da ofisoshin jakadanci, da magariba su koma. Tun da aka buɗe otal ɗin Hilton a unguwar cikin 1987, kujerar mulki kuma ta taso daga Legas ran 12 ga Disamba 1991, aikin katako bai yanke a Maitama ba. Masu gidajen kuwa ba sa karɓar aikin da ya karkace ko da kaurin gashi ne.

To, in aka zazzage jakar irin wannan kafinta za a sami zarto da guduma da kurfi da tef da injin huji. Abin da ba a cika samu ba shi ne abin matse katako, wanda za a kira mamatsi a wannan fili. In aka tambayi dalili sai a ce na kanti tsada gare shi, tun ba ma daga 2023 ba, da darajar naira ta faɗi kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Saboda haka hannun yaro ne ya zama mamatsi. Maigida na huda ɗan guntun katakon da bai wuce tsawon yatsa ba, yaro na riƙe da shi. Ran da bakin inji ya cije, katakon ya juya da ƙarfi, ko kurfi ya zame, yatsan yaron ne a gaba. Katako in ya ɓaci a sayo wani a Dei-Dei ko Kugbo, amma babu kasuwar da ake sayar da yatsa.

Abin takaici shi ne, maganin wannan haɗari yana nan zube cikin guntayen da ake sharewa kullum. Abin da ake bukata kaɗan ne: katako biyu masu tauri, kowanne tsawon santimita 20, faɗi 4, kauri 4, dogayen kusoshi masu zare guda biyu, masu kaurin milimita 8 da tsawon santimita 15, noti mai kunne ɗaya wanda ake murzawa da hannu, noti na sosai biyu, da washa uku masu faɗi. Maɗaci da iroko da ƙirya duk sun dace. Obece da malaina ba su dace ba, don suna da taushi, washa za ta nutse a jikinsu. Lalle katakon ya zama busasshe, gama ɗanye in ya sha iskar hunturu sai ya kantare, kuma jijiyarsa ta bi tsawonsa, kada ta gitta, in ba haka ba ya karye ran da aka matsa shi.

Ga yadda ake yi. A goge katakon biyu su yi sumul, a ɗora ɗaya kan ɗaya, a ɗaure su tare, sa'an nan a huda su a lokaci guda don ramukan su yi daidai. Rami na farko santimita 7 daga baki, na biyu santimita 2 daga wutsiya. A ƙara wa ramukan katakon sama faɗi zuwa milimita 10, don ya sami sararin hawa da sauka ba tare da ya cije ba. A ƙarƙashin katakon ƙasa a fafe gurbi da kurfi daidai kan kowace ƙusa, yadda kan zai shige ya zauna, ba ya juyawa. A zura ƙusoshin daga ƙasa. Ta wutsiya a ɗaure ta da washa da noti ɗaya a kan katakon ƙasa, sa'an nan a murza noti na biyu da washa a bisansa. Wannan shi ne matashin da katakon sama zai hau. A ɗora katakon sama, a sa washa da noti mai kunne a ƙusar gaba. A ƙarshe a fere bakin mamatsin ya ɗan tsuke don ya shiga lungu, a manna masa fata ko robar tsohon tib daga ciki, kada ya yi wa aiki tabo.

Asirin amfani da shi guda ne. Kafin a matsa, a ɗaga ko a sauke notin wutsiya har tsayinsa ya yi daidai da kaurin abin da za a riƙe. In an yi haka katakon biyu za su kwanta daidai da juna, su kama aikin da dukan faɗin bakinsu. In ba a yi ba, gefe ɗaya kaɗai zai ciza, aikin ya sulluɓe. Dalilin da ya sa aka matso da ƙusar gaba kusa da baki kuwa shi ne don wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin matsawar ya sauka a kan aikin, sauran ya tafi wutsiya. Zaren ƙusa mai milimita 8 yana tafiyar milimita ɗaya da kwata ne kawai a kowane zagaye, shi ya sa yatsu biyu suke iya matsa abin da ƙarti biyu ba za su iya riƙewa ba.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa Rumawa suke matse 'ya'yan zaitun da inabi da zaren katako. A 1841 wani Baturen Ingila, Joseph Whitworth, ya fito da ma'auni ɗaya na zaren ƙarfe, yadda notin wannan maƙera zai shiga ƙusar waccan. Amma a kasuwanninmu har yanzu akwai na inci akwai na milimita a gauraye, don haka mai saye ya murza noti a kan ƙusa tun a gaban mai shago.

Wajen haɗa aiki da farin gam ma mamatsi ya fi hannu nesa. Gam yana son a matse shi kamar sa'a guda ba motsi, sa'an nan a bar shi kwana ɗaya kafin a ɗora masa nauyi. Babu yaron da zai riƙe kusurwar firam sa'a guda hannunsa bai raurawa ba. Sai dai a sa takarda tsakanin aikin da bakin mamatsin don kada su manne, kuma kada a matsa har gam ɗin duka ya tsiyaye. Da zarar ya ɗan tsatso a gefe, ya isa.

Kira a nan ga masu gida ne. Iyayen da suka kawo ɗansu koyon sana'a amana suka bayar, kuma da yatsu goma suka kawo shi. Kamata ya yi aikin farko da za a ba yaro, bayan ya iya riƙe zarto, ya zama ƙera mamatsinsa da kansa. A ciki zai koyi awo da huji da sanin jijiyar katako, ya kuma koyi cewa ba kowane kayan aiki ne sai ya zo daga ƙetare ba. Yini guda ya isa a yi biyu ko uku. Wanda ya shiga gidan Maitama da su a jakarsa zai fito da aiki mai kyau, ya kuma mayar wa iyaye ɗansu yadda suka kawo shi. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kiyaye hannun mai nema.