FILIN MANOMI DA MAKIYAYI: Keke mai giya ɗaya a cikin rairayin Durum

Hatsi ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun fara fita kasuwa. Wannan shi ne lokacin da kuɗi ke shiga aljihun manomi. Shi ne kuma lokacin da suke saurin fita. A ƙasar Durum na ji mutane da yawa suna shawarar sayen keke. Wani zai sayar da buhun wake, wani zai sayar da bunsuru. To, kafin ku miƙa kuɗinku, ku saurari abin da ya same ni.

Abin da ya same ni

Shekara uku ke nan, wata ranar Alhamis na shiga Damagaram da kuɗin wakena. Na ga wani keke na hannu mai faɗin taya, irin wanda masu jin Faransanci ke ce wa VTT, wato keken kowace irin hanya. Yana da faifai 3 a gaba, 7 a baya. Mai sayarwa ya ce giyarsa 21 ce. Na yi lissafi, 3 sau 7, na ga gaskiyarsa. Na biya ba tare da dogon ciniki ba.

Wata biyu na yi ina jin daɗi. Da hunturu ya shigo, ƙura ta cika ko'ina. Sarƙa ta fara tsalle daga wannan faifai zuwa wancan. Wayar canjin giya ta cije. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke reto a ƙafar baya, kusa da ƙasa, shi ne ke canza giya. Wata rana kututturen gero ya doke shi, ya lanƙwashe. Na ce gobe zan gyara. Goben ba ta zo ba.

Wani dare zazzaɓi ya kama ƙaramin ɗana. Uwarsa ta ce jikinsa kamar wuta. Na ɗaure shi a bayana, na hau keke zan kai shi gidan likita. Ban yi rabin hanya ba sai ɗan ƙarfen nan ya shige cikin wayoyin ƙafar baya. Ƙafa ta tsaya cak. Na jingine keken a gindin wani gawo, na ƙarasa da ƙafa, yaro yana ta nishi a bayana. Allah ya kiyaye, ya samu magani, ya warke. Amma ban manta da daren nan ba.

Washegari na kai keken wurin wani saurayi mai faci. Ya duba, ya ce: "Malam, giya nawa kake hawa cikin 21 ɗin nan?"

Na yi shiru, sannan na ce: "Ɗaya ce, ko biyu."

Ya ce: "To Malam, bari mu bar maka ɗayar, mu cire sauran kayan wahala."

Ya kwance ɗan ƙarfen da wayoyinsa. Ya rage tsawon sarƙa. Ya ɗora ta a kan faifan tsakiya na gaba, da wanda ke daidai da shi a baya. Tun daga ranar, sarƙata ba ta sake barina a hanya ba.

Daga ina keken nan ya fito?

Keke mai ƙafa biyu daidai da sarƙa, irin wanda muka sani, an fitar da shi a Ingila a 1885. Wani mutum John Kemp Starley ne ya ƙera shi a garin Coventry. A 1888 John Dunlop ya ƙaro tayar iska. Kekunan da iyayenmu suka hau, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, yawanci masu giya ɗaya ne. Da su aka yi fatauci tsakanin Damagaram, Matamaye, Magariya da Daura.

Shi kuwa mai faɗin taya, a Amurka aka fara shi, a jihar Kalifoniya, cikin shekarun 1970. Wasu samari ne suka riƙa tattara tsofaffin kekuna masu ƙiba, masu giya ɗaya, suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A 1976 suka fara tsere. A 1981 wani kamfani mai suna Specialized ya fara ƙera irinsa da yawa don sayarwa. An ƙara masa giya barkatai domin hawan dogayen duwatsu.

To mu a nan, ina dogon dutsen da za mu hau? Abin da ke gabanmu shi ne rairayi, ƙaya, ƙura da kaya mai nauyi. Har a ƙasashen Turawa akwai masu hawan daji da suka koma giya ɗaya da gangan, don gudun yawan gyara. Akwai kuma wata ƙungiya, World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005. Ta ƙera wa mutanen karkara na Zambiya, Kenya da wasu ƙasashe wani keke mai suna Buffalo. Da giya ɗaya ta fara fitar da shi, kuma kariyarsa tana ɗaukar kilo 100. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Mu yi ɗan lissafi

Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, ga inda lissafinku zai yi amfani. Ku ƙidaya haƙoran faifan gaba. Ku ƙidaya na baya. Ku raba na gaba da na baya.

Idan na gaba 32 ne, na baya 16, amsa 2 ce. Wato in ka juya feda sau ɗaya, taya ta juya sau 2. Tayar irin wannan keke, mai lamba 26, tana cin kamar mita 2 a juyi ɗaya. Ke nan taki ɗaya ya kai ka mita 4.

Idan na baya 20 ne, taki ɗaya zai kai ka mita 3 da ɗan ɗori. Gudu ya ragu, amma feda ta yi sauƙi. Wannan shi ne ya dace da mai ɗaukar kaya a cikin rairayi.

Tsohon baƙin keke mai haƙora 44 a gaba, 18 a baya, yana wuce mita 5 a taki ɗaya. A kan kwalta yana da daɗi. Amma da ya shiga rairayi da buhu, sai ka ji kamar kana jan saniya daga rijiya.

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: babban faifai a baya, sauƙin taki. Ƙaramin faifai a baya, yawan gudu. Kowa ya dubi hanyar garinsu, ya zaɓa.

Amfaninsa ga manomi da makiyayi

Mai tafiya da ƙafa yana cin kamar kilomita 5 a awa ɗaya. Mai keke a kan hanya mai tauri yana cin 12 ko fiye. Tafiyar awa uku ta koma awa ɗaya da ƴan mintoci. Mai lambu a Korama zai kai tumatir da rake kasuwa tun rana ba ta yi zafi ba. Mai zuwa kasuwar Miriya ranar Lahadi zai dawo gida kafin magariba. Makiyayi zai ɗauko gishiri da dusa, ya kira malamin dabbobi da wuri in ciwo ya shiga garke, ya bi sawun dabbar da ta ɓace. Yaro ko yarinyar da makarantarsu ke wani gari ba za su riƙa makara ba.

Keke ba ya shan mai. Kun tuna a 2023, da Najeriya ta cire tallafin man fetur, yadda farashin mai na kwalba ya tashi a garuruwanmu na kusa da iyaka. Kun tuna kuma layin da aka yi a gidajen mai a watan Maris na 2025. Masu babur sun yi ta jira. Mai keke ya wuce abinsa.

Mu ɗauki misali. A ce kana biyan kabu-kabu jika ɗaya kowace ranar kasuwa, zuwa da dawowa. Shekara tana da mako 52. Jika 52 ke nan. Ka tambayi kuɗin keke a kasuwa, ka kwatanta da kanka.

Sai dai mu faɗi gaskiya. Mai giya ɗaya yana da nasa aibi. In ka iso tudu da kaya, dole ka tashi tsaye a kan feda, ko ka sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne. A kan kwalta masu giya da yawa za su wuce ka. A jigawa mai zurfin rairayi kuwa, babu keken da ya kai jaki ko raƙumi. Kada wani ya sayar da jakinsa saboda keke. Kowanne da aikinsa.

Kafin ka biya

1. Dubi gangar jikin keken, musamman wurin haɗe-haɗe. In ka ga tsaga, ko sabon fenti a wuri ɗaya kawai, ka bar shi.

2. Ɗaga ƙafa ka juya ta. In tana rawa hagu da dama, ta lanƙwashe. Taɓa wayoyinta ɗaya-ɗaya, kada a samu sakakkiya ko karyayyiya.

3. Girgiza feda da kan keke. In suna ƙwas-ƙwas, boris ya cinye.

4. Dubi haƙoran faifai. In sun yi tsini kamar ƙaya, sun ƙare.

5. Zaɓi taya mai lamba 26. Ita ce ake samun tayarta da robarta ta ciki ba da wahala ba. Keken da ba a samun kayansa a Kasuwar Dole ko a Miriya, ado ne kawai.

6. Dubi ramin da ƙafar baya ke shiga. In dogo ne a kwance, ana iya ja da ƙafar baya don ɗaure sarƙa. In gajere ne yana kallon ƙasa, sai mai gyara ya bar abin da zai riƙe sarƙar.

7. Keke mai lanƙwasa a tsakiya, mai sifirin a baya, ba na kaya ba ne. Kariya ba ta zama a kansa da kyau.

8. Ka nemi takardar ciniki mai ɗauke da lambar keken, a gaban shaidu. Araha ba ta ado. Keken sata yana kai mutum inda bai yi niyya ba.

Yadda za ka kula da shi

Sarƙa ita ce ran keke. Kowane mako ka goge ta da tsumma. Ka ɗiga mata man inji kaɗan, sannan ka sake gogewa. Mai da yawa yana kama rairayi, su biyun su haɗu su cinye ƙarfe kamar dutsen niƙa. Kada ka sa man gyaɗa, yana yin danƙo.

Ka danna sarƙa a tsakiya da yatsa. Ta motsa kamar kaurin yatsa ɗaya. In ta fi haka za ta faɗi. In ta ɗaure tamau za ta ci boris.

Iska ma da dabararta. A rairayi ka ɗan rage ta, taya ta baje, ba za ta nutse ba. In za ka ɗauki buhu ko za ka bi hanya mai tsakuwa, ka ƙara ta, don kada ƙarfe ya tsinke robar ciki.

Babban abokin gaban mai keke shi ne tsidau, sai ƙayar aduwa da ta magarya. In ka yi faci, ka shafa cikin taya da yatsa a hankali, ka cire ƙayar. In ba haka ba za ta sake hudawa. Wasu suna yanka tsohuwar roba su shimfiɗa tsakanin taya da sabuwar roba. Dabara ce mai kyau. Kada ka fita ba famfo, sholisho, ƴar roba da sufana. Rigakafi ya fi magani.

Sirdi ya kasance daidai tsawonka. Ka hau, ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. Ƙafarka ta miƙe. In sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ce za ta biya, balle ga mai giya ɗaya.

Birki ba abin wasa ba ne. Na ga samari suna tsayar da keke da takalmi. Wannan ganganci ne. Robar birki ba ta kai kuɗin magani ba. In dare ya same ka a kan babbar hanya, ka riƙe dama, ka sa fitila, ka sa farar riga, don masu mota su gan ka. Kada ka ɗauki ƙaramin yaro ƙafafunsa suna reto kusa da wayoyin ƙafa.

In ka dawo gida, ka ajiye shi a inuwa. Rana tana fasa taya.

Aikin wannan wata

A cibiyarku ta karatu, ku kawo keke ɗaya gaban malami. Ku ƙidaya haƙoransa na gaba da na baya, ku raba, ku rubuta amsa a allo. Sannan ku tattauna: kekuna nawa ne ke jingine a garinku saboda ƙaramin gyara? Ba za ku iya haɗa kuɗi ku sayi famfo da sufana na gayya ba? Wane saurayi za ku tura ya koyi faci, ya samu sana'ar rani a gida?

Wanda ke da keke mai giya da ya lalace, kada ya jefar. Ya kai shi wurin mai gyara, a mayar da shi giya ɗaya, tun kafin irin daren da ya same ni ya same shi. Ku rubuto mana da hannunku abin da kuka gani. Za mu buga wasiƙunku a wannan fili.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa.