Maganin dala miliyan 4.25 da yaron da ya daina tafiya

A watan Maris na 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Lenmeldy, maganin wata cutar gado da ake kira MLD. Kamfanin da ya haɗa shi ya yanka masa farashin dala miliyan 4.25, kuma kuɗin ne ya ɗauke hankalin jaridu. Mu likitoci abin da ya fi damun mu shi ne lokacin da maganin ke amfani.

A cikin ƙwayoyin halittar mutum da dabba akwai wasu 'yan jakunkuna masu suna laisozom, waɗanda masanin Beljiyam Christian de Duve ya gano a 1955. Aikinsu kwashe shara. Cike suke da ruwa mai tsami da sinadarai iri-iri masu narkar da tsohon kitse, furotin da ƙwayoyin cuta. Idan aka haifi yaro da rashin ɗaya daga cikin sinadaran, sharar da ya kamata ya narkar sai ta yi ta taruwa. A MLD wani nau'in kitse ne ke taruwa har ya cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. Yaro ya fara tafiya lafiya lau, sai a ga yana yawan faɗuwa, daga baya magana ta ɗauke, haɗiya ta gagara.

Ana ɗibar ƙwayoyin da ke samar da jinin yaron, a gyara musu gadon, a mayar masa. Sai dai abin da ya riga ya lalace ba ya dawowa, shi ya sa aka amince da maganin ga yaran da alamu ba su bayyana ba, ko suka fara bayyana kaɗan. Sau da yawa ƙane ne ke tsira, bayan an gano cutar a jikin wansa.

Gadonta irin na sikila ne: idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita, kuma gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna ta. Duk yaron da ya rasa abin da ya riga ya iya, a kai shi wurin likitan yara kafin a ce iska ce, a kuma faɗa wa likita idan an taɓa ganin haka a dangi, domin a duba ƙannensa.