Ƙarfe Ba Ya Karyewa Banza, A Daina Sayar Wa 'Yan Gwangwan Da Shaida

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata matsala da ke cin dukiyarmu, wani lokaci har da rayukanmu, mu manoma da ƙananan 'yan kasuwa na wannan yanki, tun daga Kwanar Dangora da Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa.

Matsalar ita ce karyewar ƙarfe a tsakiyar aiki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda marigayi Audu Bako ya kafa harsashinta, noman rani ya zama rabin abincin mutanen nan, kuma yau babu mai noman rani da zai ce ba ruwansa da inji. Injin ban ruwa, injin niƙa, injin casar shinkafa, garmar shanu, babur, famfon tuƙa-tuƙa, da motocin da ke kwaso masara daga Doguwa da Tudun Wada, duk a kan ƙarfe suke tsaye. To amma in shaf ɗin inji ya karye, ko sifirin ɗin mota ya tsinke, ko kusoshin taya suka gutsure, me muke yi? Mai abin ya ce ƙaddara ce, bakanike ya ce ai ƙarfen yanzu ne, a sayo wani a ɗaura, gutsuren da ya karye kuwa kafin la'asar yaro ya kai wa ɗan gwangwan an ɗora a sikeli. Bayan wata biyu sabon ma ya karye a daidai wurin da na farko ya karye, a sake cewa ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu, amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Wani yaro ɗan garinmu da ya yi karatun ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi ya fara nuna mana cewa bakin ƙarfen da ya karye yana ɗauke da labarin abin da ya kashe shi, kamar yadda mai bin sawu ke karanta ƙasa. Ga abin da na riƙe, kuma na sha gwada shi a kan karyayyun ƙarafa a garejin kanikawa na ga haka ne.

Na farko shi ne abin da masana ke kira gajiyar ƙarfe. Kowa ya san in ka rasa abin yanka waya, sai ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta tsinke, alhali da ja ɗaya ko kai Shago ne ba za ka tsinka ta ba. To haka ƙarfen inji yake. Ƙaramin injin ban ruwa yana juyawa wajen sau 3,000 a minti ɗaya, wato a awa shida na ban ruwa ya juya fiye da sau miliyan. In boris ya ci, ko an ɗaura injin a karkace, ko an ja bel ya yi tsauri da yawa, to duk juyi ɗaya lanƙwasa ɗaya ce. Tsaga takan fara daga ɗan wuri ƙanƙane, inda guduma ta taɓa sara, ko inda tsatsa ta yi rami, ko bakin walda, ta riƙa ci a hankali ba wanda ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da abin ya karye, in ka duba bakinsa za ka ga kashi biyu: wani ɓangare mai santsi, sau da yawa ya ɗan yi duhu, da layuka a jere kamar sawun da ruwa ke bari a kan yashi in kogi ya janye, sannan wani ɓangare mai kaushi, fari, sabo. Mai santsin shi ne tsagar da ta daɗe tana tafiya, mai kaushin kuwa shi ne ɗan abin da ya rage ya tsinke a ranar. In ka bi layukan nan baya za su kai ka daidai inda ciwon ya fara. Wanda ya ga wannan ya san sauya shaf kawai ba zai yi magani ba, sai an gyara abin da ke lanƙwasa shi.

In kuwa lodi ne ya yi yawa, ƙarfen kan miƙe ko ya tanƙware ko ya yi siriri a wurin kafin ya rabu. In ka ga boris ko shaf ya yi shuɗi, zafi ne, wato an hana shi giris ko baƙin mai. In ya fashe kamar tukunyar ƙasa ba tare da ya ko lanƙwasa ba, to ya bushe ne, ko dai tun daga wurin zubi, ko kuma wuta ta canza shi. A nan nake kira ga 'yan'uwanmu masu walda da su ji tsoron Allah. Maƙeranmu na gargajiya sun san cewa in ka gasa ƙarfe ya yi ja ka tsoma a ruwa, zai yi tauri amma ya rasa jimiri, shi ya sa suke lura da launinsa in suna ƙera gatari ko lauje. Amma yau sai ka ga an kawo sifirin ko ƙarfen sitiyari na motar haya ya tsage, a liƙe shi da walda, a watsa masa ruwa don direba na sauri, a shafa baƙin mai a kai. Wannan motar ce za a yi wa lodin buhunan masara har ta durƙusa, mutane su hau saman kaya, ta shiga gangaren dajin Falgore. Wai shin ran wa aka liƙe da waldar nan?

Kada wani ya ce wannan binciken sai Turawa. Su ma Turawan da hasara suka koya. A 1954 jiragen saman Ingila biyu samfurin Comet suka tarwatse a sama a kusa da Italiya, ɗaya a watan Janairu da mutum 35, ɗaya a watan Afrilu da mutum 21. Hukuma ta dakatar da jiragen, aka tsamo tarkacen na farko daga ƙarƙashin teku aka jera, sannan aka ɗauki gangar jikin wani jirgin irinsu aka sa a cikin ƙaton tankin ruwa, ana matsa masa ruwa ana saki kamar yana tashi yana sauka. Da lissafin ya kai wajen sau 3,000 sai jikin ya tsage daga kusurwar wata taga. Gajiyar ƙarfe ce, irin ta wayar nan. Haka a Amurka a watan Disamba na 1967 wata gada a kan kogin Ohayo ta rufta da motoci, mutum 46 suka rasu. Da aka kwaso ƙarafan aka duba, sai aka tarar tsagar da ta jawo haka zurfinta bai kai ƙwayar dawa ba. Daga nan suka yi dokar duba gadoji a kai a kai. Da a ce sun sayar da tarkacen a kilo, da sun ci gaba da binne mutane.

Mu ma a nan Nijeriya akwai hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta daga jiragen sama ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa. Madalla. Amma talakan Dangora ba jirgi yake hawa ba. In mota ta faɗi a hanyar Kano zuwa Zariya ko ta Tudun Wada zuwa Jos, abin da muke ji a labarai shi ne gudu, ko fashewar taya, ko tsinkewar birki. Me ya tsinka birkin? Wa ya sayar da ƙarfen? Wa ya ɗaura? A nan maganar take mutuwa. Alhali hanyar nan da ta tashi daga kwanarmu ita ce ta kai Jos, inda cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa take, ga Zariya a bayanmu, ga Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya ta Wudil a gabanmu. Masu ilmin suna kewaye da mu, sai dai babu mai kai musu gutsuren, su ma ba sa zuwa nema.

Dubi kuma famfunan tuƙa-tuƙa. Ƙauye nawa ne aka yi bikin buɗe rijiyar burtsatse, kafin shekara biyu ruwan ya fara fitowa ja da safe, yana ɓata wa mata tuwo da wanki, daga baya sandar ciki ta tsinke, akuyoyi su maida wurin makwanci? Mutane su ce ruwa ya ƙafe, alhali sau da yawa ruwan yana nan, bututun ne tsatsa ta huda. Tun shekarun 1980 masana suka gano a ƙasashen Afirka ta Yamma cewa ruwan wasu wurare yana da ɗan tsami da ke cin bututun ƙarfe, kuma maganin sananne ne, a gwada ruwan tukuna, in mai ci ne a sa bututun roba da sandar ƙarfen da ba ya tsatsa. Da a ce duk famfon da ya mutu ana zaro bututunsa a duba a rubuta abin da aka gani, da ɗan kwangila bai sake zura irin wannan bututun a ƙauye na gaba ba.

Game da cewa ƙarfen Caina ne, ni ɗan kasuwa ne, na san yadda abin yake. Caina tana ƙera mai kyau tana ƙera na banza, wanda ya je saro shi ke zaɓa. In ka shiga Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, mai shago zai ajiye maka iri uku, ya ce ga na asali, ga Beljiyam, ga mai sauƙi. Wanda ya zaɓi mai sauƙi da saninsa, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Zaluncin shi ne a sa mai sauƙi a kwalin na asali a karɓi kuɗin na asali, kuma kama wannan aikin hukumar SON ne mai kula da ingancin kaya. Amma da wace hujja za ka kai ƙara in ka riga ka sayar da hujjar? Ko ƙusa mai noti ma ba duka ɗaya ba ce. In ka duba kanta za ka ga lamba, mai 8.8 ko 10.9 ta fi mai 4.6 ƙarfi nesa ba kusa ba, wadda ba ta da lamba kuwa ta dace da ƙyauren shago, ba ƙafar mota ba.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana manoma da direbobi shawara. In ƙarfe ya karye, a ɗauki gutsuren biyu, kada a goga bakinsu da juna don a ga ko za su haɗu, domin hakan na share sawun. A naɗe su a tsumma a busasshen wuri, a nuna wa bakanike a tambaye shi daga ina tsagar ta fara kafin a biya kuɗin sabo. Kafin shiga noman rani kuma akwai gwaji mai arha da ma'aikatan jirgin ƙasa na da suke yi: a wanke ƙarfen, a jiƙa shi da kananzir, a goge ya bushe, a shafa masa alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Suna kuma ƙwanƙwasa ƙafar jirgi da guduma su saurara, kamar yadda iyayenmu mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa, mai lafiya ta yi ƙara, mai tsaga ta yi muryar rago. Kuɗin alli da ludayin kananzir bai kai na kwandon tumatir ɗaya da zai ƙone in inji ya tsaya kwana uku ba.

Daga nan sai kira na ga hukuma. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su haɗa kai da hukumar KNARDA da ƙungiyoyin kanikawa da na masu walda da na direbobi, a ware wuri ɗaya a Kwanar Dangora, tunda nan ne mahaɗarmu, inda za a riƙa tara karyayyun ƙarafa, kowanne a rubuta daga wane inji ya fito, a ina aka saye shi, kuma wata nawa ya yi yana aiki. Ɗaliban jami'o'in nan da ake turawa koyon aiki a zo da su da malamansu ko sau ɗaya a wata uku su duba, su faɗa mana cikin Hausa ta gidan rediyo wane kaya ne ke yawan karyewa kuma don me. Jami'an Rod Sefti kuma, in an yi haɗarin da aka rasa rai, su riƙe ƙarfen da ake zargi kafin a ja motar, su aika da shi Jos ko Zariya, sakamakon kuma a karanta wa iyalan mamatan.



Naka,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Kwanar Dangora, Ƙaramar Hukumar Kiru,
Jihar Kano.