Manyan kantuna a Kamaru: wa za su ƙwace wa ciniki?

Daga unguwar Briqueterie, inda Hausawan Yawunde suka fi yawa, tafiyar ƙafa ce ta ɗan lokaci zuwa PlaYce, katafaren rukunin shagunan da kamfanin CFAO ya buɗe a Warda a shekarar 2022, wanda ke ɗauke da babban kantin Carrefour. A ciki akwai sanyi, akwai kekunan tura kaya, kowace haja da farashinta manne a jiki. A waje kuwa, mai shago yana nan yana auna sukari a ƴar leda, mahauci yana daddatsa nama a kan teburinsa. Tun lokacin da Carrefour ya buɗe kantinsa na farko a Bonamoussadi da ke Duwala a ƙarshen 2017 ƙananan ƴan kasuwa ke fargabar cewa ranar rufe shagunansu ta kusa. Ba ta zo ba. Sai dai hakan ba ya nufin babu abin tsoro, wurin da ake kallo ne ba shi ba ne.

Abin da babban kanti ke sayarwa, kafin shinkafa da sabulu, shi ne kwanciyar hankali. Ba tayi, ba "nawa za ka rage", ba shakkar ko sikelin an taɓa shi. Ana ba da rasit, kaza da madara suna cikin firiji, ranar lalacewar kaya tana rubuce. Ga ma'aikacin da ke karɓar albashi a ƙarshen wata, wanda ke da mota da firiji a gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne: ya yi cefanen mako biyu a sa'a guda. Kuma da yake kantin na sayen kaya da yawa kai tsaye daga masana'anta, yana iya karya farashin wasu ƴan kayayyaki da kowa ya san kuɗinsu, kamar mai da taliya, don a shigo. Wanda ya shigo don man girki da wuya ya fita da man kaɗai, kuma a nan ribar take.

To amma yawancin gidaje ba haka suke cefane ba. Mai tuƙa babur, mai wanki da guga, matar da ke soya ƙosai, abin da rana ta kawo shi ake kashewa a ranar. Ba su sayen buhu, ba su sayen galan. Suna sayen man sefa ɗari, dunƙulen magi biyu, madarar shayi ɗaya. Mai shagon unguwa shi ne ke fasa babban ƙunshi ya mayar da shi daidai aljihun talaka, ko da kuwa in an lissafa a kilo ya fi tsada. Bayan haka yana da makamin da babu wata na'urar karɓar kuɗi da ke da shi, wato littafin bashi. Ya san wanda zai biya ran Juma'a, ya san wadda mijinta ya yi tafiya Garwa bai dawo ba, ana aiko yaro da saƙon baki a ba shi kaya. Yana buɗewa bayan sallar asuba, wani lokaci yana kwana a shagon. Babu hayar katafaren gini a kansa, babu kuɗin janareta mai ɗauke da firiji goma.

Wannan nauyin kashe kuɗi shi ne raunin manyan kantuna, kuma Najeriya ta nuna haka. Shoprite na Afirka ta Kudu, wanda ya shiga Legas a 2005, ya sayar da harkarsa ga ƴan kasuwar ƙasar a 2021, bayan shekaru na faɗuwar darajar naira da wahalar shigo da kaya. Reshen Kano da ke Ado Bayero Mall ya rufe a farkon 2024, alhali kasuwannin Singa da Sabon Gari suna nan cike maƙil. Sai dai kada ƴan kasuwar Kamaru su ɗauki wannan a matsayin albishir. Sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye, saboda haka kamfanin Faransa da ke kasuwanci a Duwala ko Abijan ba ya fuskantar irin ciwon kan da naira ta jawo.

Darasin da ya fi kusa da su yana Senegal. A can Auchan bai tsaya ga gina ƙaton kanti a unguwar masu kuɗi ba. Ya baza matsakaitan kantuna cikin unguwannin Dakar, kusa da kasuwanni, yana sayar da albasa da kifi da shinkafa da araha. Nan ne aka ji zafi. A 2018 ƴan kasuwa da masu fafutuka suka tashi da gangamin "Auchan dégage", wato Auchan ya tattara ya tafi, yayin da wasu masu sayayya suka fito suna kare shi saboda sauƙin farashi da tsafta. A shekarar gwamnati ta fitar da dokar da ta wajabta neman izini kafin buɗe irin waɗannan kantuna. A tarzomar watan Maris na 2021 an wawushe rassansa da dama, duk da haka ya ci gaba da faɗaɗa, har ya shiga Abijan a 2022.

Irin wannan salo ya riga ya iso Kamaru. CFAO na da Supeco, kanti mara ƙyale-ƙyale da ke sayarwa ɗaiɗai da kuma kwali-kwali, akwai BAO a Duwala mai sayar da sari, ga kuma na ƴan ƙasa irin su Santa Lucia da Dôvv waɗanda suka daɗe da shiga unguwanni. Abin lura shi ne mai ƙaramin shago kansa yana iya zama abokin cinikinsu, ya je ya saro sabulu da tumatirin gwangwani. Wanda ake tsallakewa shi ne na tsakiya, ɗan sarin da ke da sito a kasuwar Mokolo ko ta Congo, wanda ribarsa ke tsakanin farashin masana'anta da na mai shago.

Ga Hausawa, sana'o'in da aka san su da su, fawa da albasa da hatsi, suna da wata tambaya dabam. Manyan kantuna na buƙatar waɗannan kaya kuma suna sayen wasu a cikin gida, amma da sharaɗi: rajistar kasuwanci, lambar haraji, takardar likitan dabbobi, kaya masu girma ɗaya a kan lokaci, sannan a jira biya bayan an kai. Fataken da suka saba da cinikin amana, a loda albasa a Marwa a karɓi kuɗi a Duwala ba tare da takarda ba, ba su cika waɗannan sharuɗɗa ɗaya-ɗaya. Ƙungiyar mahauta ko ta masu albasa da ke da rajista da ɗakin sanyi za ta iya. In ba ta samu ba, wani mai takardu ne zai sayi kayan daga hannunsu a bakin kasuwa, ya kai Warda ya sa hannu a kwangilar.