Santi a Talabijin: Yadda Ido Ke Rushe Abin da Baki Ya Gina

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan maganar rage ƙiba ta shiga gidajen ma'aikata da 'yan boko a ƙasar Hausa. Duk wanda likita ya ce jininsa ya hau ko sukarinsa ya yi yawa, abu na farko da ake umartarsa da shi shi ne ya rage maiƙo da zaƙi, ya rage loma, ya riƙa motsa jiki. Da yawa suna ɗaukar shawarar da gaske. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin irin waɗannan bayin Allah. Mutum zai wuni yana kauce wa soyayyen nama da lemon kwalba, amma da dare sai ya kishingiɗa a falo ya kamo tashar girke-girke ta tauraron ɗan Adam, ko ya ɗauki wayarsa, ya shafe sa'a guda yana kallon wani Ba'amurke na tura burodi mai ɗigar da narkakken cuku a baki. In ka yi masa magana sai ya ce ai kallo ba ci ba ne, hasali ma yana rage masa zafin rashi. A ganina wannan hujja ba ta da tushe, kuma mai yin haka yana yi wa kansa zagon ƙasa ne.

Batun ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba, kuma yawan manya masu wannan matsala ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Ita ce kuma ke share wa ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya hanya. Don haka duk abin da zai karya lagon mai ƙoƙarin rage teɓa ya cancanci a tsaya a dube shi.

Bari mu faro daga harshenmu, domin Bahaushe ya daɗe da rarrabe abubuwan da mutane ke cakuɗawa a yau. Akwai yunwa, akwai marmari, akwai kuma kwaɗayi. Yunwa daga ciki take tasowa, kuma ba ta zaɓe, ɗumamen tuwon jiya ma yana kashe ta. Marmari sha'awa ce ta abin da aka kwana biyu ba a ci ba, da an ɗanɗana sai ya kwanta. Shi kuwa kwaɗayi ta ido da hanci yake shigowa, yana iya kama mutumin da ya ƙoshi, kuma ba ya jin rarrashi sai da ainihin abin da ya gani. Bahaushe bai taɓa zargin mai jin yunwa ba, amma kwaɗayi ya kira shi mabuɗin wahala. Mai neman rage ƙiba yakan iya jure yunwa. Inda aka fi kayar da shi wajen kwaɗayi ne, kuma shirye-shiryen da muke magana a kansu masana'antar kwaɗayi ce.

Binciken kimiyya ya zo ya tarar da wannan fahimta. Tun sama da shekara ɗari da suka wuce masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904, ya nuna cewa jiki yana fara shirin narkar da abinci tun kafin loma ta shiga baki, yawu ya tsinke, ciki ya fara zubo ruwansa. A 1999 masana a ƙasar Japan suka gano wani sinadari mai suna ghrelin, wanda ciki ke fitarwa ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi. Sai kuma a 2012 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke birnin Munich na Jamus suka nuna wa wasu samari masu lafiya hotunan abinci masu ban sha'awa, suka auna jininsu, suka tarar sinadarin ya ƙaru. Hoto ne kawai, babu ƙamshi, babu motsi. To ina ga shirin da aka ɗauka da kyamarori na zamani, ana jin ƙarar mai a kasko, ana ganin tiriri na tashi? Jiki bai san bambancin akwatin talabijin da akushi ba. Ya ga abinci, ya yi shiri, kuma firij na nan taku goma daga kujera.

Ya kamata mai karatu ya san cewa waɗannan shirye-shirye sun sauya fasali. Lokacin da Julia Child ta fara shirinta a Amurka a 1963, darasi take koyarwa, ta nuna yadda ake yanka da yadda ake dafawa. Bayan an buɗe tashar Food Network a 1993, wadda aikinta ke nan dare da rana, sannu a hankali akalar ta karkata daga koyar da girki zuwa nuna ci. Misali mafi fitowa fili shi ne shirin Man v. Food da aka fara a 2008, inda mai gabatarwa, Adam Richman, ke zagaya gidajen abinci yana karɓar ƙalubale. A fitowar farko, a garin Amarillo na jihar Texas, an ajiye masa gasasshen nama mai nauyin kusan kilo 2 ya cinye cikin sa'a guda, jama'a na yi masa tafi. A Koriya ta Kudu kuma wajen shekarar 2010 aka ƙirƙiro abin da suke kira mukbang, wato mutum ya zauna gaban kyamara ya cinye abincin mutum biyar. Wannan ya kai yanzu har cikin wayoyin 'ya'yanmu.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin harshe da al'ada. Hausa tana da kalmar santi, wato maganar da daɗin abinci ke fizgowa daga bakin mai ci ba tare da ya shirya ba. A wurinmu abin dariya ne da zolaya, yaro ana kwaɓarsa, babba kuwa yana jin kunya in aka kama shi. Mai gabatar da irin wannan shiri kuwa santi ne sana'arsa. Ana biyansa ya lumshe ido, ya yi nishi, ya tanɗe yatsu, ya kwarara wa naman kirari. Haka kuma a tarbiyyarmu ba a ci a gaban mutum ba a ce masa bismilla ba, domin an san ido yana da hakki. Talabijin kuwa za ta ci a gabanka har tsakar dare ba tayi, ta bar ka da haɗiyar yawu. Abin da al'ada ta killace domin ta san ƙarfinsa, shi aka kwance aka mayar haja.

Su kansu taurarin ba su tsira ba. Paula Deen, wadda ta yi suna wajen girki da man shanu da sukari, har ta taɓa haɗa nama da soyayyen ƙwai a tsakanin donot biyu, ta fito a watan Janairun 2012 ta bayyana cewa tana da ciwon sukari, kuma ta san da haka tun shekara uku da suka gabata. A lokaci guda ta sanar da cewa ta ƙulla yarjejeniyar tallata maganin ciwon da wani kamfanin magunguna. Shi ma Richman a wannan shekara ya daina karɓar ƙalubalen ci, daga baya ya shiga aikin rage nauyin da ya tara. Mai kallo ya ga daɗin a fili, lissafin kuwa a asibiti aka yi shi bayan an kashe kyamara.

Adalci ne a saurari masu cewa kallon yana kwantar musu da sha'awa, domin akwai binciken da za su iya kafa hujja da shi. A 2010 Carey Morewedge da abokan aikinsa a jami'ar Carnegie Mellon sun wallafa a mujallar Science cewa mutanen da aka sa su riya a zuci suna cin ƙwayar alewa sau 30, da aka ba su alewar ta gaske sun ci ƙasa da waɗanda suka riya sau 3. Amma sirrin yana cikin maimaita abu guda har ya gundure ka. Shirin talabijin kuwa an gina shi ne don kada a gundura. Kafin ka gaji da kaza an kawo kek, kafin ka gaji da kek an tsallaka wani gari. Kowane sabon kwano sabon kwaɗayi ne.

Sai kuma talla, wadda ita ce uwa uba a harkar. A 2009 masu bincike a jami'ar Yale sun gano cewa yaran da suka kalli zane mai motsi da aka saka wa tallar abinci sun ci ƙwalama fiye da sauran da kashi 45 cikin ɗari. Hukumomi a wasu ƙasashe sun fahimci haka. Tun 2007 Birtaniya ta hana tallar abinci mai yawan kitse da gishiri da sukari a shirye-shiryen yara. Ƙasar Sin kuma a 2021 ta yi dokar hana almubazzaranci da abinci, wadda ta tanadi tara ga masu yaɗa bidiyon haɗama. A Nijeriya dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, amma abin da ke shiga ta ido an bar wa kowane magidanci ya ji da shi.

Ba ina kira a ƙaurace wa duk shirin girki ba ne. Shirin da zai koya wa uwargida yadda za ta sarrafa zogale da rama da wake da acca, ko yadda za ta rage mai a miya ba tare da ta lalace ba, alheri ne, kuma tashoshinmu na Hausa suna da damar yin fice a nan. Ma'aunin mai sauƙi ne. In ka tashi daga kallo da ilimin da za ka yi aiki da shi gobe, ka ci riba. In kuwa ka tashi kana leƙen tukunya ko kana aika yaro wajen mai tsire, to an ci riba da kai. Wannan ma'auni ya fi muhimmanci a watan Ramadan, lokacin da shirye-shiryen girki ke cika tashoshi bayan la'asar, daidai sa'ar da ciki ya fi rauni, har a wayi gari wasu sun gama azumi sun fi yadda suka fara nauyi.

Saboda haka shawarata ga mai fama da ƙiba ita ce ya sanya ido a cikin tsarin da likita ya ba shi. Kada ya kalli irin waɗannan shirye-shirye da yunwa, kada ya kalle su bayan isha'i, kada kuma ya ci abinci a gaban talabijin, domin hankalin da ya tafi kallo ba ya ƙirga loma. Addininmu ya riga ya shata iyaka, inda hadisi ya karantar da a kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wanda ya cika idonsa da kitse tun daga magariba, da wuya ya iya riƙe wannan kaso in an ajiye masa kwano.

Mun iya tsare baki, tun muna yara aka koya mana. Abin da zamani ya zo da shi shi ne buƙatar tsare ido daga abincin da ba a gabanmu yake ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kuma ba mu ikon kiyaye ta.